Hannun Ya Fanna

A Unguwar Ɗinya, in aka ce amarya ta yi kyau, ba a tambayar wadda ta haife ta, wadda ta gyara ta ake tambaya. Amsar kuma ɗaya ce shekara da shekaru: Ya Fanna, matar Malam Umara mai wake. Kakanninta daga Barno suka zo tun ba a haifi iyayenmu ba, ita kanta a nan aka binne cibiyarta, Barbarcin ma bai wuce na gaisuwa a bakinta ba. Amma da zarar an ɗauko maganar tsabta da ƙamshi sai ta gyara zama ta ce su a jininsu abin yake. Mu da muka gaji turmi da taɓarya sai mu ce haka ne, don ba mai son bikin 'yarta ya zo ya tarar suna gaba da Fanna.

Gaskiya kuma ta iya. Mako guda amarya take yi a ɗakinta. Kullum da hantsi za ta zaunar da ita a tabarma, ta kwaɓa dilka, haɗin nan na kurkur da mai da wasu abubuwan da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ta murje ta da shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Da hannunta take yi, ba ta yarda a taya ta. In an gama sai ta zuba turare a kasko, ta tsugunar da yarinya a kai, ta lulluɓe ta da wani tsohon bargo mai ruwan ƙasa da ta gada wurin mahaifiyarta. Bargon nan bai taɓa ganin ruwa ba. Ta ce ƙamshin duk amaren da uwarta ta gyara yana cikinsa, har da nata, kuma ranar da aka wanke shi ranar za ta ajiye sana'a. Yarinyar da ta shiga da kaushi da faso sai ta fito tana sheƙi, uwar da ta haife ta ma sai ta sake kallonta. Wannan sheƙin shi muke kira hannun Fanna, kuma ba ta da abin da take taƙama da shi a duniya kamar wannan suna.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Rahmatu, katangar ma gajeriya. Garinmu gida na jingine da gida ne, gona na jingine da gona, in kika yi tari maƙwabciya ta ce miki sannu. Rahmatu daddawa take yi. Duk wanda ya san warin kalwa in ta fara nuna a rufe ya san irin zaman da za a yi tsakanin gidan humra da gidan daddawa. Fanna ba ta taɓa zaginta a fili ba. Tana ma sayen daddawarta, don miyar kuka ba ruwanta da asalin mutum. Sai dai ba ta karɓa daga hannunta. Za ta nuna gindin turmi da haɓa ta ce, "Ajiye a nan." Rahmatu kuwa mace ce mai sanyin hali, sai ta ajiye, ta yi 'yar dariyarta, ta tafi.

Da kakar bara, lokacin da aka shigo da gero kowane gida ya ɗauki sussuka, Fanna ta fara susa. A tsakanin yatsu abin ya fara. Muna hira sai ka ga ta sarƙe yatsun hannayenta tana goga su a hankali, kamar mai lissafin wani abu a zuci, ko ta riƙa goga wuyan hannu a bakin tabarma. Da muka yi mata sannu sai ta ce ai ba wani abu ba ne illa ƙaiƙayin geron Rahmatu, wadda ba ta ga wurin sheƙa ba sai gindin katangarta, iska na kwasowa tana zuba mata a tsakar gida.

To, mu dai da gero aka yaye mu. Mun san inda ƙaiƙayinsa ke kamawa: wuya, da bayan kunne, da damtse, da rana tsaka kina cikin aiki, kuma kina watsa ruwa kin rabu da shi. Na Fanna kuwa da rana lafawa yake. Da bakinta ta ce sai ta kwanta jiki ya ɗumama a cikin mayafi sannan yake tashi, ya hana ta runtsawa har kiran assalatu. Ta yi wanka da sabulu iri uku bai tafi ba. Akwai wata kalma da ta zo bakin wasunmu ta koma, domin a wurinmu ƙazuwa cutar marasa wanka ce, kuma matar da ke wanka sau uku a yini ba a haɗa sunanta da wannan kalma, ko da a bayan idonta ne.

Rannan Fanna ta leƙa ta katanga ta gaya wa Rahmatu magana son ranta. Washegari muka ga Rahmatu ta ɗora ƙwarya a ka, 'yarta Ramlat na biye da faifai, sun nufi gindin tsamiyar bakin gona, can suka koma yin sheƙa har aka gama. Susa ba ta ragu ba. Fanna ta ce iskar bana ce ba ta da kunya, daga can ma tana kawowa.

Da ƙananan ƙuraje suka fito mata a tsakanin yatsu da wuyan hannu sai ta kwaɓa lalle mai kauri ta ƙunsa, tun daga farce har ya wuce wuyan hannu, baƙi wuluk, ba zane ba fure. Ta ce lalle na sanyaya jini. Ƙuraje suka ɓace a ido, mu kuma muka yaba sabon yayi. Kafin a yi kasuwa biyu 'yan matan unguwa sun kwaikwaya, kowacce ta fito da hannu kamar ta tsoma shi a tukunyar baba. Shi ma Malam Umara ya shiga susar ƙugu da hammata, amma shi nasa dalilin daban ne: hodar maganin ƙwari da ake barbaɗa wa buhunan wake a Dawanau. Kowa a gidan ya sami abin ɗora wa laifi daidai da sana'arsa.

Bayan kaka lokacin biki ne a wurinmu, rumbu ya cika, samari sun sayar da amfani. Amare suka yi ta shiga ɗakin Fanna suna fita, wata na tashi daga tabarma wata na zama, bargo bai huce ba an lulluɓa wa ta gaba. A cikin haka bikin Ramlat ya taso. Rahmatu ta yafa mayafinta mai kyau ta zagayo ta ƙofa, ta durƙusa, ta roƙi a gyara mata 'ya kamar 'yar kowa. Fanna ta ce ba wuri, sannan hannunta ma bai gama warkewa daga geronsu ba. Wadda ke kusa ta ce Rahmatu ta yi kuka a ɗaki ranar, ni ma da na ji abin ya taɓa ni, ko da yake ban je na ce mata komai ba. Ita da kanta ta gyara 'yarta da sabulun salo da man kaɗanya. Muka raka Ramlat gidan miji muna tausayinta, har wata ta ce amarya ce amma sai an faɗa.

Wata guda da 'yan kwanaki bayan bikin farko, amaryar farko ta zo ganin gida tana susa. Uwarta ta duba ta ga ƙuraje a yatsu, da cibiya, da inda zani ke ɗaure ƙugu, ta rantse da Allah lafiya lau ta kai 'yarta, fata kamar ta jariri, kowa shaida ne, ai hannun Fanna ne. Saboda haka katifar gidan miji ce. Ta biyu da ta dawo da irinsa aka ce ruwan rijiyarsu ne. Wadda aka kai wajen Watari aka ce ruwan dam ne bai karɓe ta ba. Ta huɗu kuwa uwar mijinta aka ɗora wa, aka ce dama matar ba ta share ƙarƙashin gado. Angwaye su ma suka fara sosawa a majalisa, iyayensu mata suka ce amare ne suka zo da shi, sai zumunci ya fara tsami. Akwai gidaje biyu da suka daina gaisawa a rijiya. Ba wanda ya waiwayi ɗakin da duk yaran nan suka bi ta cikinsa, domin ai sun fito lafiya, an yi biki, an tare, an kwana biyu, sannan abin ya ɓullo.

Kuma ina za a kai amaryar da fatarta ta lalace? Wurin mai gyaran fata. Haka aka riƙa dawo wa Fanna da su ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai tana cewa ƙazantar gidajen mutane sai addu'a, ta sake murje su da hannayen nan nata masu baƙin lalle, ta sake lulluɓe su da bargo. Ba ta taɓa samun aiki irin na wannan shekarar ba. Ramlat kaɗai ce ta zo ganin gida ta yi ɓulɓul, tana barci har da minshari. Muka ce fatar gidan daddawa ce, kauri gare ta, ba abin da ke ratsa ta.

Fanna 'ya mace ɗaya Allah ya ba ta, Sadiƙa, wadda ta yi karatu a birni tana zaune wurin ƙanwar babanta. Can ta haɗu da Kamaruddeen, ɗan wasu dillalan hatsi na Dawanau, suka daidaita kansu, iyaye suka sa rana. Tun Sadiƙa na goye Fanna ke cewa duk amaren da take gyarawa koyon hannu take yi, ranar 'yarta za a ga aiki. Yarinyar ta dawo gida tun da sauran lokaci, kuma da yake uwa da 'ya sun daɗe ba su zauna tare ba, gado ɗaya suke kwana.

Saura mako uku biki, da hantsi, Fanna ta zaunar da ita a bakin ƙofa inda haske yake, ta kamo hannunta don ta ga irin haɗin da fatar za ta so. Ita ce ta ba mu labarin nan daga baya, ba ta rage komai ba. Ta ce tana buɗa yatsun sai ta ga 'yan ƙuraje ƙanana a lungun da yatsa ke haɗuwa da yatsa, wasu da ɗan ruwa a kai. Ta juya wuyan hannun ta ga wani ɗan siririn layi a ƙarƙashin fata, gajere, a karkace, kamar an cusa guntun zare. Ta tambaye ta tun yaushe. Sadiƙa ta ce kwanan nan ne, da dare yake damunta, har da ƙugu da hammata da ƙasan nono, amma ba ta damu ba tunda Inna ta ce geron maƙwabta ne.

Gero kuwa an daɗe da gama shi. An liƙe rumbuna, tsamiyar bakin gona ma awaki sun lashe gindinta tas. Fanna ta saki hannun 'yarta ta ɗaga nata zuwa haske. Lallen ya fara kodewa a wuyan hannu, kuma ga layin nan, irinsa sak, ba ɗaya ba ba biyu ba, ga tsakanin yatsu duk ya farfashe yana ruwa saboda susa. Matar da ta shekara talatin tana karanta fatar 'ya'yan mutane, ranar ta karanta tata. Ta ce tsoro ne ya fara kama ta kafin kunya. Gidan su Kamaruddeen babban gida ne, mata sun fi a ƙirga. In Sadiƙa ta shiga da wannan abu, bayan wata guda gidan ya ɗauki susa, sunan da za su sa mata har jikokinta sai sun ji shi. In kuwa aka tsaya aka yi magani yadda ya kamata, to a unguwar da ake jin tarin maƙwabci ba a ɓoye irin wannan, kuma sunan da zai mutu nata ne.

Ba ta je ɗakin shan magani na kusa da mu ba, inda mai sharar wurin ma ta san ta. Ta zumbula hijabi har ƙasa, ta hau babur zuwa Rimin Gado, ta sami wata ma'aikaciyar jinya matashiya mai suna Sa'adiyya. Hannayenta na cikin hijabi ta yi bayani cewa wata maƙwabciyarta ce ba ta da lafiya, mai kunya ce, ba ta iya zuwa. Sa'adiyya ta tambaya ko ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, aka ce e. Ko yana tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, aka ce e. Ko akwai wani a gidan da shi ma yake susa, aka ce mijinta da 'yarta. Sai ta ce ƙazuwa ce, kuma a gaya wa maƙwabciyar ta kwantar da hankalinta, ba rashin wanka ke kawo ta ba. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami a ƙarƙashin fata ya yi ƙwai, layin nan da ake gani hanyarsa ce. Daga jiki zuwa jiki yake bi in an daɗe ana cuɗanya, ko ta shimfiɗa da tufafi, kuma wanda ya ɗauka karon farko yakan yi wata guda ko fiye bai ji komai ba, shi ya sa mutane ke ɗora laifi inda ba nan ba ne.

Tana rubuta magani tana cewa abin ya yi yawa bana a yankinmu, amare ne ke ta zuwa mata da shi, kuma abin da ya ba ta mamaki duk ƙamshinsu ɗaya, wata humra mai daɗi da ba ta taɓa jin irinta ba. Ta ɗago kai, ta ɗan ja numfashi ta hanci. Fanna ta ce a ranar ta so a ce warin daddawa take yi.

"Mama," in ji Sa'adiyya a hankali, "miƙo hannun maƙwabciyar in gani."

Ta miƙa. Yarinyar ta sa safar hannu ta duba, ta ce gyambunan sun kama ruwa, sai an haɗa da maganin sha, kuma ba dilka ba murza har sai sun warke sarai. Man shafawa kuwa kowa a gidan zai shafa rana ɗaya, mai susa da marar susa, daga wuya har tafin ƙafa, a maimaita bayan mako guda. Tufafi da shimfiɗa a wanke da tafasasshen ruwa a shanya a rana a wannan ranar, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda ya yi mako. Ko an warke ƙaiƙayin zai ɗan jima kafin ya tafi, kada a tsorata. Sannan duk wadda hannun nan ya taɓa sai an gaya mata, ita da mijinta, in ba haka ba abin zai yi ta zagaye unguwa yana dawowa.

A hanya Fanna ta yi ta saƙa da warwara. Ta yi tunanin ta riƙa wankewa kaɗan-kaɗan a cikin ɗaki tana shanyawa a kan ƙofa, amma an ce rana ɗaya. Kayan gida guda kuwa ba tukunyar miya ce za ta tafasa musu ruwa ba, kuma duk unguwar tukunya ɗaya ce mai wannan girma, wadda ake dafa kalwa a ciki. Da la'asar ta tsaya a gindin katangar nan da ta saba leƙawa ta yi faɗa, ta yi sallama, murya ƙasa-ƙasa. Rahmatu ta taso tana goge hannu a zani.

"Tukunyarki nake so ki ara mini gobe," in ji Fanna. "Ƙazuwa ce a gidan nan. Ba geronki ba ne, tun farko ma ba shi ba ne."

Rahmatu ta dube ta, ta dubi hannayen. Mu da muka ji daga baya mun so a ce ta rama ko da kalma ɗaya ce, don ta cancanta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya sawwaƙe, Ya Fanna. Itacenku zai isa, ko in haɗo da nawa?"

Da sassafe muka ji ƙamshi. Ba ƙamshin kasko ba, wani irin ƙamshi ne mai nauyi da ya cika unguwa har masallaci, maza na fitowa suna tambayar gidan wa ake biki. Bargon ne a cikin tukunyar daddawa. An gaya mata tana iya ƙulle shi a leda ta bar shi, amma Fanna ba ta yin abu rabi, ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da abin da ya cuci 'yarta ba. Da muciya ta riƙa danna shi tana kuka, ruwan ya yi baƙi, turaren uwarta da na amaren uwarta ya tashi sama ya bi iska. Kafin azahar katangarta ta cika da shanya, zannuwa da zanen gado da rigunan Malam Umara, har aka tsallaka aka cika dangar Rahmatu. Bargon da ya bushe sai ga shi ashe fari ne da ratsin shuɗi, ba wanda ya taɓa sani.

Ba ta jira mun tambaya ba. Ta bi gidajen amaren nan ɗaya bayan ɗaya da ƙafarta, hannaye fari fat da magani, ta faɗi abin da aka gaya mata. Wasu sun zage ta, wasu sun yi shiru, wanda ya fi zagin ciwo. Gidajen nan biyu da suka daina gaisawa suka shirya a ranar, tunda sun sami wadda za su haɗu su tsine wa. Ni kam na ji daɗi da farko, ba zan ɓoye ba, don ta daɗe tana kallonmu ta saman hanci. Amma da na gan ta tana dawowa da yamma ita kaɗai, mata na janye yaransu daga hanya, sai daɗin ya gudu ya bar ni da tausayi. Duk da haka da ta kawo mini faifan da ta ara, bakina da kansa ya ce ta ajiye a nan. Haka kowa ya riƙa yi mata, har bayan an ce ta daina yaɗawa.

Aka shafa magani karo na biyu, fatar Sadiƙa ta lafa, saura mako guda biki, hannun Fanna kuwa bai gama kamewa ba. Ko kwaɓa dilkar ba za ta iya ba, kurkur na taɓa gyambon za ta yi tsalle. Ba wata mai gyara a kusa, domin ita da kanta ta kashe kasuwar duk wadda ta gwada. Sai ga Rahmatu ta shigo, ta wanke hannu da toka da lemon tsami har sau uku ba wanda ya sa ta, ta zauna a gaban ƙwarya ta ce a gaya mata abin da za ta zuba. Haka Fanna ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, hannaye a cinya, ta faɗi haɗin nan da bakinta, ɗaya bayan ɗaya, asirin da ko 'yarta ba ta sani ba. Tana faɗar haɗin tana yi mata faɗa: a hankali, ba kalwa kike murzawa ba, bi ta nan, koma can. Hannun da ya shekara yana wanke kalwa kuwa ƙarfi gare shi da haƙuri. Sabon bargo aka sayo a kasuwa, ba ya ƙamshin kowa.

Ranar ɗaukar amarya motoci suka zo daga Dawanau. Babbar cikin masu ɗaukar amaryar gwaggon ango ce, wata Hajiya mai jiki da zobba, wadda ba ta san komai game da abin da ya faru ba. Ɗaki ya cika da mu. Ta ɗaga mayafin Sadiƙa, ta shafa damtsenta, ta yi salati, ta ce ta daɗe tana jin labarin hannun Fanna, yau ta gani da idonta, duk birni ba mai yin irin wannan. Ta zaro turmin atamfa daga jaka ta miƙa wa Fanna, ta ce tukuicin mai gyara ne, ban da na uwar amarya.

Ba wadda za ta tona a cikinmu, ko don Sadiƙa. Rahmatu na can bakin ƙofa wajen takalma, ta sunkuyar da kai, ita ma ba za ta ce komai ba har abada. Da Fanna ta sa hannu ta karɓa, da sunanta ya tafi Dawanau da ransa, ko da ya mutu a nan. Na ga hannun ya motsa a cikin mayafi, sannan ya koma.

"Ba hannuna ba ne, Hajiya," in ji ta. "Ga mai aikin can. Rahmatu, matso."

Hajiya ta juya ta damƙa wa Rahmatu atamfa hannu da hannu, ta ce tana da 'yan mata biyu da za a aurar bayan salla, kuma akwai na maƙwabta, ina ne gidanta don direba ya gane. Fanna ce ta nuna katanga da haɓa ta ce nan ne, ƙofa ta gaba, ba ya ɓata, in an ji warin daddawa an zo.

Bayan salla motar ta zo da 'yan matan. Rahmatu ba ta da kasko, sai muka ji ta tana sallama ta katanga. Fanna ta ɗauko nata, wanda ta gada tare da bargon. Hannunta ya warke sarai a lokacin, sai ɗan tabo, amma ta riga ta saba da a ce mata ta ajiye, ta tsaya tana neman inda za ta ɗora shi a kan katangar. Rahmatu ta miƙo hannu biyu ta karɓa daga hannunta, har yatsunsu suka haɗu, ta ce za ta dawo da shi in an gama. Fanna ta ce ta bar shi a can. Da yamma ƙamshin turare ya taso daga gidan daddawa.